Yadda Ake Zaɓen Takarda Don Buga Hoto Da Hasken Rana

Tun da mutane suka fara ganin hotunan nan masu launin shuɗi da ake bugawa da hasken rana ba tare da firinta ba, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa gare ni: "Na auna kemikal daidai, na shanya a rana daidai, to me ya sa hoton ya bi ruwa da na zo wankewa?" Wani ya ce nasa ya fito toka-toka, wani ya ce fararen wuraren sun yi dauɗa, wata kuma ta ce takardar ce ta narke mata a hannu. Sau da yawa idan aka bi diddigi, takardar ce ta jawo.

A irin wannan bugu kai ne kake shafa kemikal da hannunka, ya ratsa cikin zaren takardar, kuma a cikin zaren ne hoton yake samuwa. Saboda haka duk abin da masana'anta ta zuba a cikin takardar sai ya gamu da kemikal ɗinka, ko su shirya ko su ɓata wa juna. Ga yadda ake bi a zaɓi wadda za ta shirya da shi.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: fensir, almakashi, sirinji maras allura, buroshi mai laushi wanda ba a ɗaure gashinsa da ƙarfe ba, farantan roba masu faɗi guda biyu, gilashi mai tsabta, safar hannu, farin ruwan khal, da ƙaramar tocilan mai shuɗin haske irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita.

1. Tsai da irin bugun da za ka yi

Kada ka je shago kana neman "takarda mai kyau" kawai. Kowane bugu da abin da yake nema.

Bugun shuɗi, wato siyanotaif, shi ne mafi sauƙi kuma mafi araha. Gishirin ƙarfe biyu ake haɗawa, ferric ammonium citrate da potassium ferricyanide kamar yadda ake rubuta su a jikin kwalba, a wanke da ruwa zalla. Yana haƙuri da takardu da dama, amma ba ya shiri da duk abin da ke da ɗabi'ar kanwa.

Bugun Van Dyke, mai launin ƙasa, da ɗan'uwansa kalitaif, akwai azurfa a cikinsu. Suna wucewa ta ruwa kala-kala, sannan a yi musu dogon wanki, don haka suna buƙatar takardar da za ta jure jiƙa na sa'a guda ko fiye. Haka ma bugun gishiri, wanda shi ma azurfa ce, sai dai ya fi son fuska mai santsi sosai da ke riƙe hoton a sama.

Bugun filatinam da na faladiyam, waɗanda ake yi da ƙarafa masu daraja, su ne masu tsada da tsirfa. Takardun da ke karɓarsu kai tsaye 'yan kaɗan ne, kuma an yi su ne musamman domin wannan aiki.

Sai bugun ƙaro, inda ake cuɗa ƙaro, irin namu na bishiyar dakwara, da fentin ruwa da sinadarin dichromate. Shi bai damu da allin cikin takarda ba kamar sauran. Damuwarsa ita ce ana shafa shi sau uku, sau huɗu ko fiye a kan falle ɗaya, ana jiƙawa ana busarwa, saboda haka yana neman takarda mai kauri wadda ba ta tsukewa, mai ɗan kaushin da fenti zai kama.

Gargaɗi: dichromate guba ne, yana cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji, kuma ba a zubar da ruwansa inda zai bi kwata ya isa ga rijiya ko dabbobi. Ruwan azurfa kuma yana baƙanta fata kuma yana lahanta ido. Wanda yake farawa, shawarata ya tsaya a kan shuɗi har hannunsa ya faɗa. Sauran bayanin nan ma a kansa na fi gina shi.

2. Duba abu uku a bayan kwalin

Na farko, da me aka yi takardar. Takardar auduga zalla ita ce kan gaba, za ka ga an rubuta "100% cotton" ko "rag". Zarenta dogo ne, tana jure ruwa, ba ta yin jaja-jaja da tsufa. Ta biyu ita ce wadda aka yi da tataccen zaren itace, irin littattafan fentin ruwa na ɗalibai kamar Canson XL. Wannan tana yin aiki a bugun shuɗi, kuma da ita ya kamata a koya. Takardar jarida da sauran masu arhar gaske suna ɗauke da dattin itacen da ba a tace ba, shi ne ke sa su koma rawaya cikin ɗan lokaci.

Akwai ukun da mutane ke yawan asarar kemikal a kansu. Takardar ofis ta hoton kwafi: siririya ce, cike take da alli, kuma tana yagewa a ruwa. Takardar hoto mai ƙyalli ta firinta: an shafe fuskarta da wani abu da aka yi domin tawada, kemikal ba ya isa ga zaren. Sai kwalin makaranta mai launi, wanda rininsa ke zuba da zarar ya ji ruwa.

Na biyu, nauyi. Ana rubuta shi da gsm, wato giram nawa ne a murabba'in mita ɗaya. Takardar ofis 80 ce. Don ƙaramin hoton shuɗi da bai wuce girman A4 ba, 190 zuwa 200 ya isa. Idan hoton ya fi haka girma, ko bugun mai dogon wanki ne, nemi 300. A wasu kwalaye za ka ga "140 lb", shi ne dai 300 ɗin a ma'aunin Amurka da Ingila. Ka sani kuma, kauri yana da farashinsa ban da kuɗi: takarda mai kauri tana shan kemikal da yawa kuma tana daɗewa kafin ta sake shi a wanki. Takardun Japan irin su kozo sun saɓa wa wannan ƙa'ida, domin sirara ne ƙwarai amma dogon zarensu yana riƙe su a ruwa. Suna ba da hoto mai ban sha'awa, sai dai ɗaukarsu a jiƙe yana son a tallafe su da falen roba, kuma ba aikin makon farko ba ne.

Na uku, fuska. "HP" ko "hot pressed" ita ce mai santsi. "Cold pressed" ko "NOT" tana da ɗan kaushi. "Rough" kuwa gargada ce sosai. Idan daga dodon hoto za ka buga, musamman fuskar mutum ko rubutu, ɗauki mai santsi, domin dodon yana kwanciya lif a kanta, layuka su fito tsaf. Idan ganye ko yadin leshi ko gashin tsuntsu za ka ɗora kai tsaye, mai ɗan kaushin ma tana da kyau. Mai gargada tana barin fararen ɗigo-ɗigo a cikin ramukanta inda buroshi bai kai ba.

3. Maganar alli, wadda ta fi kowacce muhimmanci

A nan yawancin mutane suke faɗawa, kuma ba don sakaci ba. Sukan ga an rubuta "acid-free" ko "archival" a jikin kwali, su ɗauka sun samo mafi inganci. Don zane da rubutu, haka ne. Amma yadda masana'antu ke kare takarda daga asid shi ne su zuba mata alli, wato calcium carbonate. Ƙa'idar ISO 9706 ta takarda mai daɗewa ma ta shar'anta a samu abin da ya kai kashi 2 cikin 100 na allin, kuma ma'aunin pH ya kasance tsakanin 7.5 da 10. Wato takardar ta karkata ɓangaren kanwa ke nan.

Gishirin ƙarfen da ke cikin kemikal ɗinka kuwa yana son wuri mai ɗan tsami. Da ya gamu da alli sai ya fara lalacewa tun kafin rana ta gan shi. Wani ɓangarensa ya zama tsatsa ya maƙale a cikin zare, ya bar rawaya-rawayan da wanki ba ya fitarwa. Shuɗin da ya samu kuma ya fito da rauni, ya ci gaba da kodewa a hankali.

Gani ya kori ji. Ɗauki guntun hoton shuɗi da ba ka buƙata, jiƙa 'yar kanwa a ruwa, ka ɗiga masa. Kana kallo shuɗin zai janye daga wurin ɗigon, ya bar tabo mai launin rawaya ko ƙasa-ƙasa. Abin da kanwa ta yi cikin 'yan daƙiƙu, shi alli yake yi a hankali daga cikin takardar.

Kalmar da za ka nema ita ce "unbuffered", ko a rubuta cewa babu "alkaline reserve". Sanannun takardun da aka yi ba tare da alli ba domin wannan sana'a su ne Arches Platine da Bergger COT 320 na kamfanonin Faransa, da Hahnemühle Platinum Rag ta Jamus. Dukkansu auduga ne zalla, masu santsi, nauyinsu 300 zuwa 320. Akwai kuma Buxton, wadda ake yi da hannu a masana'antar Ruscombe a Faransa bisa ƙa'idar da masanin sinadarai Mike Ware ya tsara. Idan filatinam ko faladiyam za ka yi, a cikin irin waɗannan za ka zaɓa. Haka ma idan sabon haɗin shuɗi na Mike Ware ɗin kake amfani da shi, domin ya fi tsohon haɗi, wato wanda na ambata a mataki na ɗaya, ƙin alli nesa ba kusa ba.

Tsohon haɗin shuɗi yana iya jure ɗan alli, musamman idan ka shafa, ka busar, ka buga a cikin sa'a ɗaya ko biyu. Shi ya sa takardar ɗalibai ke yi wa wasu aiki. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka shafa mata kemikal yau ka ajiye sai jibi.

4. Danƙon takarda

Ana sa wa takarda wani danƙo, a cikin ƙullunta ko a fuskarta ko duka biyun, don kada ta tsotse ruwa gaba ɗaya. Kamar shadda ce da aka sa wa sitaci: ruwa ya ɗan tsaya a kanta kafin ya shige. Wasu masana'antu gelatin suke sawa, wato danƙon da ake samu daga fata da ƙashin dabba, kamar a takardar fentin ruwa ta Arches, wasu sitaci, wasu kuma danƙon roba.

Idan danƙon ya yi kaɗan, kemikal zai nutse can ciki. Hoton ya fito dishi-dishi, ka juya bayan takardar ka ga tabo ya ɓullo, wanki kuma ya ƙi fitar da rawayan. Takardun ɗab'i masu laushi irin su Rives BFK sukan yi haka idan ba a ƙara musu danƙo ba. Idan kuma ya yi yawa, kemikal zai zauna a sama bai kama zare ba. Hoton ya yi kyau a ƙarƙashin gilashi, amma da ka sa shi a ruwa sai ka ga shuɗin yana tashi yana bin faranti. Wannan ce amsar tambayar da aka fi yi mini.

Abin da ake nema tsaka-tsaki ne, kuma kwali ba ya faɗin wannan. Gwaji ne kawai ke nunawa.

5. Sayi falle ɗaya, ka yi lissafi

Kada ka sayi fakiti sai ka gwada. Shagunan kayan zane, musamman a garuruwan da ake koyar da zane a manyan makarantu kamar Zariya, su ne wurin fara neman takardar fentin ruwa. Ka tambaya ko suna sayar da falle-falle. Ka ɗauki iri uku ko huɗu, ɗaya-ɗaya, ka rubuta sunan kowace da fensir a kusurwar bayanta tun kana shagon, domin idan ka isa gida duk fari ne. Takardun filatinam kuwa galibi sai an yi odarsu daga waje, farashinsu yana bin dala, ga kuɗin dako.

Babban falle yawanci santimita 56 ne da 76. Yana ba da guda 8 masu 19 da 28, ko guda 4 masu 28 da 38. Raba kuɗin fallen da wannan adadi, shi ne ainihin kuɗin takardar hoto ɗaya, kuma sau da yawa za ka tarar ya fi littafin da aka riga aka yanka sauƙi. Ka kuma sa a lissafi cewa wani kaso zai tafi a gwaji da ɓarna.

Yadda nake ganin rabon kuɗin shi ne: a bugun shuɗi takarda ta fi kemikal tsada, don haka a koya da mai araha, a ajiye ta auduga don hoton da za a rataye ko a sayar. A filatinam da faladiyam kuwa ƙarfen ne mai tsadar, kuma zuba shi a kan takardar da ba ta dace ba asara ce ninki biyu. A nan araha ba ta ado.

Gargaɗi: duba fallen a haske kafin ka biya. Wanda ya daɗe a buɗe a shago, ya sha ƙura da hannayen mutane, zai nuna maka kowane yatsa bayan ka buga. Kada ka yarda a ninke maka shi. A naɗe shi da faɗi ko a sa shi tsakanin kwali biyu.

6. Gwaje-gwaje biyar, bi da bi

Yanka kowane falle ka fitar da ƙananan guntaye kamar tafin hannu. Kowane guntu a rubuta masa suna a baya da fensir. Ban da biro, tawadarsa tana zuba.

Gwajin ɗigo. Ɗiga ruwa ɗigo ɗaya da sirinji ka zuba ido. Idan ya ɓace nan take ya bazu, danƙo ya yi kaɗan. Idan ya tsaya dunƙule minti da yawa, ka share shi ka ga wurin bai ko jiƙe ba, ya yi yawa. Mai kyau takan riƙe ɗigon na ɗan lokaci, sannan ta fara sha a hankali ba tare da ya bazu ba. Gwada fuska biyun, domin sukan bambanta.

Gwajin jiƙa. Bar guntu a ruwa minti 30, ko sa'a guda idan bugun azurfa ko ƙaro za ka yi. Ɗaga shi ta kusurwa ɗaya, ka shafa fuskarsa da yatsa a hankali. Idan ya yage, ko ya rabu gida biyu, ko zare ya riƙa murmushewa a yatsanka, ajiye shi gefe.

Gwajin tocila. A cikin duhu haska guntun da tocilar duba kuɗi. Idan ya yi wal da shuɗin haske, an sa masa sinadarin ƙara fari. Wannan farin na aro ne, yana gushewa da shekaru, gefen hoton ya canja launi. Don koyo ba laifi. Don hoton da za a ajiye, nemi wadda ta tsaya dishi a ƙarƙashin tocilar.

Gwajin duhu. Wannan shi ne alƙalin sauran, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Haɗa kemikal ɗinka yadda ka saba. Sanannen haɗi shi ne giram 25 na koren ferric ammonium citrate a ruwa mililita 100, da giram 10 na potassium ferricyanide a wani ruwan mililita 100, a gauraya su daidai wa daida lokacin shafawa. Shafa wa guntu a ɗaki maras hasken rana, ka bar shi ya bushe, ka raba shi biyu. Rabi ɗaya wanke shi nan take ba tare da ya ga rana ba: ya kamata ya koma fari tas. Ɗaya rabin sa shi cikin akwati mai duhu ya kwana. Da safe ka duba. Idan yana nan da launinsa na rawaya mai ɗan kore, takardar ta shirya da kemikal ɗinka. Idan ya koma kore mai duhu, ko shuɗi-shuɗi, ko toka, akwai abin da ke cinsa a ciki, kuma yawanci alli ne. Wanke shi shi ma ka ga ko zai bar hazo.

Gwajin rana. Shafa wa sababbin guntaye na takardun da suka tsallake, duka a lokaci ɗaya da kemikal ɗaya da buroshi ɗaya. Jera su a ƙarƙashin gilashi, ka ɗora tsabar kuɗi ko maɓalli a kan kowanne don ya bar wurin da rana ba ta taɓa ba. Rufe su da kwali, ka riƙa janye shi kaɗan-kaɗan duk bayan minti 2 har ka kai minti 12 ko 14. Wanke su har ruwan ya daina fitowa rawaya, ka shanya a inuwa.

Gargaɗi: kada ka yanke hukunci a jiƙe. Shuɗin yana ƙara duhu yayin da iska ke shigarsa, sai bayan kwana ɗaya yake kai matuƙarsa. Sannan ka dubi abu uku: wace ce ta fi zurfin shuɗi, wace ce wurin tsabar kuɗinta ya fi fari, wace ce kuma ta nuna matakai da yawa tsakanin fari da duhu ba tare da ƙuraje-ƙuraje ba.

Wani gargaɗin: kafin ka ɗora wa takarda laifi, duba ruwanka. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai gauri yana kodar da shuɗi kamar yadda alli yake yi. Zuba ɗan ruwan khal a farantin wankin farko, kamar cokali biyu ko uku a lita ɗaya, ka sake gwadawa. Idan hoton ya gyaru, ruwan ne.

7. Gyaran takardar da ta kusa

Ba kowa ne zai iya yin oda daga Turai ba, kuma ba dole ba ne. Takardar auduga mai kyau da alli kaɗai ya ɓata, irin su Fabriano Artistico ta Italiya, ana iya gyara ta a gida.

Cire alli. Abin da masu sana'ar suka fi amfani da shi shi ne sulfamic acid, giram 100 a ruwa lita ɗaya. Nutsar da fallen a farantin roba, kana juya shi, kimanin minti 20. Za ka ga ƙananan kumfa suna taruwa a fuskarsa da gefunansa, allin ne yake narkewa. Idan kumfan ya daina, wanke da ruwa mai yawa kana canjawa na rabin sa'a zuwa sa'a guda, ka shanya. Idan ba ka samu wannan ba, farin ruwan khal rabi da rabi da ruwa yana yi, sai dai ya fi jinkiri. Ban da ruwan lemon tsami, akwai sukari da ɓargo a cikinsa.

Gargaɗi: asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Sa safar hannu, ka buɗe taga. Kada ka kusanci ruwan batirin mota don wannan aiki. Kuma ka nisanta kowane asid mai ƙarfi daga kwalbar potassium ferricyanide, domin haɗuwarsu tana iya fitar da iskar guba mai kisa. Ranar cire alli daban, ranar shafa kemikal daban.

Idan danƙo ya yi yawa. Ana ɗiga wa kemikal ɗigo ɗaya na Tween 20 da aka tsarma, wani sinadari ne mai kama da ruwan sabulu, yana taimaka masa ya shiga zare. Fara da ɗigo ɗaya tak, domin idan ya yi yawa zai nutsar da hoton. Hanya mafi sauƙi ita ce jiƙa fallen a ruwa mai ɗumi na minti 10 ka busar, wani ɓangaren danƙon zai fita.

Idan danƙo ya yi kaɗan. Dama sitaci zalla giram 2 a ruwa mililita 100, ka dafa har ya yi garau, ka bari ya huce, ka shafa siriri da buroshi a tsaye sannan a kwance. Masu hoton dā da sitacin arrowroot suke yi, na rogo tsantsa ma yana yi. Ban da sitacin guga na kanti, wanda ake sa wa turare da bula.

Don bugun ƙaro, sitaci ba ya jure yawan jiƙa, kuma tsarin aikin yana da muhimmanci. Da farko jiƙa fallen a ruwan zafi na kimanin rabin sa'a zuwa sa'a guda, ka rataye ya bushe, don ya gama tsukewarsa tun yanzu. Idan ka tsallake wannan, shafi na biyu ba zai hau daidai kan na farko ba, idanun mutum su fito biyu-biyu. Bayan nan sai danƙo: gelatin giram 30 a lita ɗaya, a jiƙa a ruwan sanyi ya kumbura, a ɗumama ba tare da ya tafasa ba, a shafa da ɗuminsa. Wanda yake son sanin asalin gelatin ɗinsa, akwai na shanu da na kifi masu shaidar halal.

Gargaɗi: gelatin yana narkewa a ruwa mai ɗumi, kuma ruwan tankin da ya wuni a ranar bazara ya isa ya narkar da shi. Shi ya sa ake ƙarfafa shi da glyoxal ko formalin, waɗanda dukkansu ke cutar da huhu da ido, sai a fili. Wanda ba ya son wannan hatsari ya nemi danƙon roba na PVA da ake sayarwa don masu zane, shi ba ya buƙatar ƙarfafawa.

Duk gyaran da ka yi, koma ka maimaita gwajin duhu a kan guntu ɗaya kafin ka shafa wa babban falle.

8. Yanka, ajiya da yanayi

Zaɓi fuskar da ta fi yi maka kyau a gwaji, ka sa alamar fensir a bayan kowane yanki tun kafin ka raba fallen. Bar gefe na santimita 2 ko 3 kewaye da hoton, nan ne wurin kamawa da wurin maƙala abin shanya. Yanka da reza sabuwa a kan wuri mai tsabta. Ɓurɓushin ƙarfe daga tsohuwar reza ko ƙusar maƙala takardu yana fitowa a matsayin ɗigon shuɗi mai duhu a tsakiyar farin wuri, kuma ba ya gogewa.

Da hunturu takarda takan bushe ƙarau, ta fizgi kemikal a inda buroshi ya fara sauka, ta bar zane-zane. Kafin ka shafa, sa ta cikin babbar roba mai murfi tare da jiƙaƙƙen tsumma a gefe, ba tare da sun taɓa juna ba, na kamar rabin sa'a. Faladiyam da Van Dyke sun fi jin wannan, domin launinsu da zurfinsu suna bin laimar da ke cikin takardar. Ƙurar hunturu kuma tana sauka a kan jiƙaƙƙen shafi, don haka a busar a cikin kabad ko akwati. Da damina matsalar ta juya: takarda ba ta bushewa da wuri, tana iya manne wa dodon hoto ta ɓata shi, kuma mai gelatin tana yin fumfuna. Sa fanka, kuma ka taɓa gefen da bayan yatsa, idan da sauran sanyi bai bushe ba.

Ajiye fallayen a kwance cikin leda mai kauri, a kan kanta, nesa da ƙasa da bango saboda gara. Hoton shuɗin da ka gama kuma kada ka sa shi cikin kwali ko firam mai allo "acid-free" na yau da kullum, domin allinsu zai ci shi kamar yadda na takarda yake yi. Nemi maras alli, ko ka sa falle na irin takardar da ka buga a kanta a tsakaninsu.

Masana'antu sukan canja haɗin takarda ba tare da sun canja sunanta ba. Idan ka samu wadda ta yi maka, sayi abin da aljihunka zai ɗauka daga wannan zubin, ka manna guntayen gwajinta a littafi da sunanta da nauyinta da watan da ka saya. Duk sabon fakitin da ya shigo, ko da suna ɗaya ne, cire guntu ɗaya ka yi masa gwajin duhu ka gwama da na littafin kafin ka yanka sauran.